Na taɓa zaman gidan kaso, yanzu fom ɗin aiki yana tambayata

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, a nan cikin garin Sakkwato anka haife ni. A 2018 ina yaron shago wurin wani Alhaji mai sayar da kayan wuta, sai na faɗa cacar ƙwallo ta waya, na riƙa taɓa kuɗin ciniki har sunka kai naira 480,000. Da asiri ya tonu anka kai ni kotun majistare, na amsa laifina, anka yanke mani shekara biyu kan cin amana, anka kuma ce in biya shi kuɗinshi. 'Yan'uwa sun haɗa 200,000, saura har yau ban biya ba. Tun fitowata a 2020 ban iya haɗa ido da shi ba, in na hango shi sai in sake hanya.

Na koyi haɗa wayar wuta a ciki, da na fito na ƙara da haɗa sola, na kuma yi difloma. Duk inda na nemi aiki na faɗi gaskiya, ba a sake kirana. Bara na samu aikin kula da sito a wani kamfani, ba su tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Wata bakwai ko allura ba ta ɓace ba, sai wani ɗan unguwarmu ya zo sayayya ya gan ni, ya shiga ofishin manaja. Washegari anka sallame ni, ko albashin watan ba a ba ni ba. Daga baya na ji wai cewa ya yi fashi na yi.

Yanzu wani kamfanin sola na ɗaukar ma'aikata, fom ɗinsu kuma na tambaya ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci. Kawuna ya ce in rubuta a'a, wa zai bincika? Inna kuwa kuka take, ta ce in tafi Abuja ko Legas inda ba a san ni ba. Malam, na tuba, Allah ne shaidata. Sai yaushe wanga abu zai bar bina? Mi zan rubuta?

Wani ɗan'uwa, Sakkwato

Wa alaikumus salamu, ƙanena. Tunda fom yana hannunka, ga amsar gaggawa: kada ka rubuta a'a. Amma akwai yadda ake rubuta e ba tare da mutum ya yanka kansa ba, kuma a kan wannan za mu zauna. Na lura a wasiƙarka ba ka ce sharri aka yi maka ba, ba ka kuma ɗora laifin kan ƙarancin albashi ba. Ka ce ka taɓa kuɗi, ka amsa a gaban alƙali. Wanda ya iya faɗin haka kai tsaye ya riga ya yi abin da ya fi wuya.

Abin da kake gani ba sammu ba ne, ba kuma kai kaɗai yake bi ba. A 2003 wata masaniya a Amurka, Devah Pager, ta wallafa binciken da ta yi a birnin Milwaukee, inda ta riƙa tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wani yana nuna ya taɓa zaman gidan yari. A cikin fararen fata, 34 cikin 100 na marasa tabo aka sake kira, masu tabo 17. A cikin baƙaƙen fata 14 ne da 5. Ingila tun 1974 ta yi dokar da ke cewa in wasu shekaru suka wuce mutum bai sake laifi ba, hukunce-hukunce da yawa sun faɗi, har yana iya amsa a'a a yawancin wuraren neman aiki, doka tana bayansa. Mu ba mu da irin wannan. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, bai ambaci tsohon hukunci ba. Saboda haka tambayarka ta "sai yaushe" doka ba ta sa mata rana a fagen neman aiki ba. Inda ta sa rana shi ne fagen siyasa: wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya, shekara 10 ce aka hana shi takara. Wato in shekara 10 ta cika, hukuncin nan ba zai hana ka neman kujerar gwamna ba, amma yana iya hana ka aikin gadi. Haka ƙasar take.

Gara ka san ƙofofin da ke kulle don kada ka ɓata kuɗin mota da na hoto. Ɗaukar 'yan sanda da soja yana da sharaɗin rashin hukuncin kotu. Kamfanonin gadi masu lasisi, waɗanda hukumar Sibil Difens ke sa wa ido, dokarsu ta 1986 ta rufe ƙofa ga wanda aka ɗaure kan sata, zamba ko cin amana. Banki ma ka cire rai. Aikin gwamnatin tarayya bai kulle gaba ɗaya ba, ƙa'idojinsa sun ce sai da amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata tun farko, wanda ya ɓoye kuma aka gano daga baya ana iya korarsa ba sanarwa. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai goge sunanka daga kundin 'yan sanda, ka riƙe kuɗinka.

Kawu ba mugunta yake nufi ba, ya gaji da ganinka zaune ne, kuma maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Ƙaramin kamfani ba lalle ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda ba. Sai dai ka tambaye shi: bara kwamfuta ce ta tona ka? Mutum ne da ƙafarsa. A Sakkwato ana haɗuwa a jana'iza, a ɗaurin aure, a sallar Juma'a, kuma aikin sola cikin gidajen mutane zai riƙa shigar da kai, daga Mabera zuwa Arkilla zuwa Runjin Sambo. Ranar da wani zai ce "ashe kai ne" tana nan tafe. Bara an kore ka ba ka yi ƙarya ba, kana iya ɗaga kai. In ka sa hannu a kan a'a, ranar da ta ɓaci manaja zai ajiye fom ɗin a kan tebur, ya nuna maka rubutunka, kuma wanda aka ɗaure kan cin amana ba ya da ta cewa idan aka kama shi da ƙaryar da ya sa wa hannu. Addini bai ce ka bi gari kana shelar zunubinka ba, rufa wa kai asiri abin so ne, shi ya sa shirunka na bara ban ga laifinsa ba. Amma shiru daban, amsa tambaya da ƙarya ga wanda zai damƙa maka dukiyarsa daban. Wannan ya shiga cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ka ɗan zauna a kujerar mai kamfanin. Mutum ne da ya zuba miliyoyi a batura da inbata da faranti, wataƙila da bashi, wataƙila wani yaro ya taɓa yashe shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alƙur'ani kansa a Suratul Ƙasas ya siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da ƙarfi da amana, don haka tambayar da ya sa a fom haƙƙinsa ce. Ƙari a kan haka, shekarun nan da abin da ake gani a Isa da Sabon Birni da Goronyo, da an ce wane ya taɓa zaman gidan kaso, zuciyar mutane bindiga take kawowa, ko masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ka ga yadda ɗan unguwarku ya mai da 480,000 na aljihun shago ta zama fashi. Maganin wannan takarda ce. Ka je ofishin rajistaran kotun da ta yanke maka hukunci, ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu. Ana biyan kuɗi kaɗan, kuma tono tsohon fayil yana ɗaukar lokaci, don haka ka fara da wuri. Takardar da kake jin kunyarta ita ce za ta nuna laifin cin amana ne, kana ɗan shekara 21, ba makami, ba jini, kuma da bakinka ka amsa.

Ka kuma leƙa hedikwatar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta jiha, sashen walwala. Dokar 2019, wadda ta sauya wa hukumar suna, ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya zauna lafiya ya koyi sana'a, sashe na 14 kuma ya ce kada a nuna wa mai ita bambanci saboda zaman da ya yi. Kai a 2020 ka fito, bayan dokar ta fara aiki, saboda haka ka tambaya. Ba zan ruɗe ka ba, mai kamfani yana iya cewa kawai ya sami wani, ba mai kama shi. Amma takarda mai hatimin hukuma ta fi rantsuwa nauyi. In ba ka da shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a aikin wuta, ita ma ka nema.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji, kuma shi ne ka ambata a gurguje ka wuce: Alhaji. Kana neman baƙo ya yarda da kai alhali kana sake hanya in ka hango wanda ka cuta. Tubarka tsakaninka da Allah ban yi shakkarta ba, amma malamai sun haɗu a kan cewa in laifi ya shafi haƙƙin mutum, tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Zaman kaso bai biya 280,000 ba. Kuma ko ta fuskar neman aiki zalla aka duba, babu liman, babu kansila, babu farfesa a garin nan da shaidarsa za ta kai ta wannan mutum.

Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka tare shi a shago gaban yaransa da masu sayayya. Wannan aikin Kawu ne, ka ba shi shi a madadin shawarar fom. Ya ɗauki limamin unguwa ko mai unguwa, su fara zuwa su nemi izini. In ya amince, ku same shi a zaurensa bayan la'asar, ka zauna ƙasa, manya su buɗe magana. In aka ba ka dama ka taƙaita: "Alhaji, na ci amanarka, na kuma ƙara da guje maka. Na zo neman gafara, na zo in fara biya." Ka ajiye abin da ka samu a gabansa, ko 20,000 ce, tare da takardar da ka rubuta nawa za ka riƙa kawowa duk wata, shaidu biyu su sa hannu. Ka rubuta abin da za ka iya ko a watan da kasuwa ta mutu, domin saɓa wannan alƙawarin ya fi rashin yin sa muni. Yana iya yin faɗa, yana iya tuna maka tuwon da ka ci a gidansa da makullin da ya ba ka. Ka yi shiru, yana da gaskiya. Yana ma iya cewa 280,000 ta 2018 ba ita ce ta yau ba, kuma duk mai zuwa kasuwa ya san haka ne, sai ka bar wa dattawan su daidaita. Ranar nan kada ka roƙe shi takarda ko shaida, in ba haka ba zai ga aikin ne ya kawo ka. Wannan sai tafiya ta yi nisa. Ranar da za ka iya ce wa mai ɗaukar aiki "ga lambar Alhajin, a kira shi a tambaye shi", rabin matsalarka ta kau.

Ka yi ƙoƙari wannan ziyara ta riga miƙa fom. A fom ɗin ka rubuta e, a gefe ka ƙara da cewa bayani yana haɗe, ka maƙala rabin shafi: shekarar, laifin, hukuncin, abin da ka koya tun daga nan, da cewa ka fara biya. Sai dai kada ka jefa shi cikin tarin takardu ka koma gida jiran kira, domin akawun da ke tacewa da ya ga e zai ture shi gefe. Ka nemi wanda zai kai ka gaban mai yanke shawara, malaminka na difloma, ko ubangidan da ya koya maka sola, ko wani da ka taɓa yi wa aiki ya ji daɗi. In kun zauna, kai za ka fara tayar da maganar: "Ranka ya daɗe, akwai abin da na fi so ka ji daga bakina kafin ka ji a waje." Minti biyu ya isa. Ban da kuka, ban da rantse-rantse, ban da dogon labarin shaiɗan. Sannan ka sauƙaƙa masa: a gwada ka wata uku a aikin haɗawa, kada a ba ka sito ko karɓar kuɗi, ga mutum biyu masu mutunci da za su tsaya maka a rubuce, ga hotunan ayyukan da ka yi. Yana iya ƙi duk da haka. In ya ƙi ka yi godiya ka bar lambarka, don kamfanonin nan sukan nemi masu aikin kwangila idan aiki ya yi musu yawa.

Akwai tambayar da zai yi maka, ni ma ita zan yi, domin wasiƙarka ta yi shiru a kanta: cacar fa? Ka bar ta ɗungurungum, ko kana ɗan leƙawa in ana manyan wasanni? Ba kuɗin Alhaji ne asalin ciwon ba, ita ce. In akwai saura, ka goge manhajar yau, ka gaya wa wani babba da kake jin nauyinsa, ka bar shi ya riƙa ganin shige da ficen asusunka na ɗan lokaci. In ka daina tuni, ka faɗi shekarar da ka daina.

Kamfanin bara kuwa, albashin watan da ka yi aiki haƙƙinka ne, kuma Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba ana ba shi sanarwar mako guda kafin sallama. Ka rubuta musu takarda cikin ladabi, ka nemi kuɗinka, ka kuma roƙi layi biyu da ke cewa a zamanka ba a sami giɓi a sito ba. Layi biyun nan sun fi albashin amfani. In suka yi biris, ofishin ƙwadago na tarayya da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna karɓar irin wannan koke. Ɗan unguwarku kuma kada ka tare shi, mai unguwa ya kira shi ya nuna masa kwafin hukuncin, ya ja masa kunne kan kalmar fashi.

Inna tsoro take ji, ta gaji da jin sunanka a bakin mata a gidan biki. Amma ka lallashe ta da cewa a Abuja da Legas ne manyan kamfanoni suka fi neman takardar 'yan sanda da masu tsaya wa mutum, can kuma ba ka da liman, ba ka da kawu. Nan da aka san laifinka, nan ne kawai ake iya shaidar gyaruwarka. In wata rana aiki ya kira ka can, ka tafi da takardunka a hannu. Ka zaunar da ita ka faɗa mata shirin zuwa wurin Alhaji, ina kyautata zaton rabin kukan nan na wannan bashin ne.

Kada kuma ka rataya rayuwarka a kan fom ɗaya. Sana'ar da ke hannunka ana nemanta a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 wuta kuma ba tabbas: masu kemis da firjinsu, masu cajin waya, masallatai, gidajen da ke son famfon burtsatse, manoman albasa da shinkafa a fadamun Wurno da Kware da fetur ɗin injin ban ruwa ya gallaba. Dabara ɗaya za ta yi maka amfani ƙwarai a farko: kada ka karɓi kuɗin kaya. Ka rubuta wa mai aiki abin da ake buƙata, ku je kasuwa tare ya saya da hannunsa, kai kuɗin aikinka kawai za ka karɓa bayan wuta ta kama, ka ba shi rasit. Ta haka zancen amana bai ma taso ba, sunanka kuma yana ginuwa gida bayan gida. In abin ya kankama ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka kuma riƙa bibiyar shirye-shiryen hukumar samar da ayyukan yi (NDE) da ta bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i (SMEDAN) da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha don kayan aiki ko jari.

Akwai hanya mai nisa da ya kamata ka sani, afuwar gwamna. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna ikon yafe wa wanda aka hukunta a ƙarƙashin dokar jiha, bayan ya shawarci majalisar da ke duba afuwa, kuma ba sai mutum yana tsare ba. Ƙarfinta ba kaɗan ba ne: a 1999, da Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995 daga baya aka yi masa afuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwa tana mai da mutum sabo. Na san talaka ba Obasanjo ba ne, kuma ba kowa ke samu ba. Amma takardar roƙo ta hannun lauya zuwa Ma'aikatar Shari'a ba ta fi ƙarfinka ba, kuma abin da zai ba ta nauyi shi ne shaidar cewa ka biya wanda ka cuta. Don haka ko da Alhaji ya ƙi ganinka a karon farko, kada biyan ya tsaya. Tunda kotu ce ta yi umarni, ka tambayi rajistara yadda za ka riƙa biya ta hannunsu, ko ka riƙa aikawa ta hannun liman, kowane biya da rasit ko sa hannun shaida. Ka sami jakar leda mai zif ka riƙa tara su tare da kwafin hukuncin, bayan wata uku ko huɗu Kawu ya sake komawa ya yi sallama.